Ɓera Na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe bakwai na sauka daga danfo a Yaba,
farar rigata a leda, ruwa ya jiƙa ni har gwiwa.
A ɗakin ƙasa akwai fararen ɓeraye arba'in.
Kwana saba'in muna ɗura musu
abin da ake barbaɗa wa wake don kada ƙwaro ya ci.
Yau za mu tambayi tsatsonsu me ya rage.

Shekara goma sha tara ina ƙirga maniyyin ɓera.
A gida cewa nake, aikin asibiti.
Ɗigo ɗaya a gilashi mai gida-gida kamar dara,
in kafa ido a madubi, in riƙe numfashi.
Ga su nan: kai kamar lauje, wutsiya zaren ɗinki.
Wanda ya taɓa layin sama nawa ne,
wanda ya taɓa na ƙasa a bar wa maƙwabci.
Babban yatsa na danna maƙirgi, ƙas, ƙas, ƙas,
har wani ɗalibi ya zaci lazimi nake.

Bara aka sauko da na'ura daga Apapa
cikin akwatin katako, ƙarti huɗu na nishi.
Ita aka ba ɗaki mai sanyi.
Ni da fankata mai tari muka matsa lungu.
Abin da nake yi daga hantsi zuwa la'asar
takan gama kafin shayina ya huce.
Ba ta ciwon wuya.
Ba ta tuna kuɗin haya a Idi-Araba tana tsakar lissafi.
Ta san mai ninƙaya kai tsaye,
ta san mai zagaye wuri guda kamar baƙo a Oshodi.

In faɗi gaskiya ko da ni za ta kayar:
idona ma yakan yi ƙarya.
Gilashi ɗaya, ni tamanin da tara, Obinna tamanin da biyu,
kowa ya rantse.
Bayan azahar layukan kan yi mini rawa.

Sai ɓera na goma sha bakwai.
Na'ura ta ce casa'in, lafiya lau.
Yatsana ya ce hamsin da biyu.
Madam Ogunbiyi ta dube ni ta saman tabarau:
"Malama Dije, yaushe rabonki da likitan ido?"
Ban tanka ba. Na ce a buɗe mini hoton.

Ta ɗiga wa kowa koren tambari:
mai rai, da gutsuren nama, da ƙurar gilashi,
duk ta rubuta su 'ya'yan gida.
Ni kuwa a gaban faifan Inna na girma,
tun ban kai turmi ba na san wake, na san tsakuwa.

Ba laifinta ba ne. Mutum ya gaya mata girman abin nema,
ya yi mata awo da babban mudu.
Obinna ya gyara, ta sake dubawa: hamsin da biyar.
Uku a tsakaninmu.
Wa ya yi daidai? Mai shaidar yana cikin firji.
Madam ta ce daga yau kowane na biyar ya bi ta idona,
ta faɗa tana kallon bango.

Da magariba na bi ta Mil Sha Biyu.
Ƙanena Sallau na zaune kan buhunan wake,
farin gari har gwiwar hannunsa.
Shekara tara da aure, gidansa shiru,
dangi sai aiko wa matarsa saiwoyi suke.
Ɓera ba mutum ba ne, haka za mu rubuta a rahoto,
kuma haka ne.

Na miƙa masa safar hannu da takunkumi.
Ya yi dariya, ya cusa a aljihu,
ya auna mini mudu biyu, ya ƙara gyara.

Yanzu ga ni da faifai, an ɗauke wuta,
ina tsincewa da hasken waya.
Yatsan bai daina dannawa ba.